Masu Haɗa Kwamfuta, da Ranar da Windows Ta Ƙi Hawa

Duk wanda ya ratsa titin Beirut a Kano, ko ya hau benayen Banex a Wuse ta Abuja, ko ya kutsa Computer Village a Ikeja, ya san irin shagon. Tebur ne guda cike da ƙananan sukurori, allon kwamfuta biyu ko uku a jingine da bango, kwalaye a jibge har kusa da rufi, ga wani mutum a sunkuye cikin buɗaɗɗen akwatin ƙarfe da sukundireba a hannu. Injiniya ake ce masa, ko ya shiga jami'a ko bai shiga ba. Sana'arsa haɗa kwamfutar tebur daga ɓangarori, sannan ya ɗora mata babbar manhajar da za ta sa ta yi aiki, wadda a nan ƙasar kusan kullum Windows ce.

Kwamfutar tebur iri biyu ce a kasuwa. Akwai wadda kamfani ya haɗa ya rufe, irin na HP da Dell da Lenovo, da yawansu na hannu ne da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Akwai kuma wadda 'yan kasuwa ke kira kulon, wadda ake sayen kowane ɓangare nata daban: bod daga ASUS ko MSI ko Gigabyte, furosesa daga Intel ko AMD, ram, faifan ajiya, katin hoto, akwatin wuta, da gidan da za a zuba su. Masu neman irin wannan ba masu buga takardar haya ba ne. Masu tace finafinan Kannywood ne, da masu zanen gine-gine, da masu buga fosta da kalanda, da samarin da suka ƙwallafa rai a kan wasannin kwamfuta. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, cibiyoyin jarrabawa masu ɗaruruwan na'urori su ma sun ƙara wa masu wannan sana'a aiki.

Haɗawar kanta ba ita ce wahala ba. Yaron da ya yi 'yan watanni a shago zai iya ɗaure bod, ya zaunar da furosesa, ya jona wayoyi cikin awa biyu. Shi ya sa mai kaya yake ganin sauran aikin wasa ne. "Ai sa windo ne kawai ya rage," in ji shi, yana duba agogo. Abin da bai sani ba shi ne, ɗora Windows a kan sabuwar kwamfuta shi ne karo na farko da ɓangarorin nan, waɗanda kamfanoni biyar ko shida suka ƙera ba tare da sun san za su haɗu ba, za su yi aiki tare da gaske. Duk aibin da ke ɓoye a cikin ɗayansu a nan yake fitowa. Kuma ba ya fitowa da sunansa. Ram ne ke da matsala, amma allo zai ce fayil ya lalace. Saitin bod ne bai daidaita ba, amma saƙon zai ce babu faifai. Gwanintar injiniya ita ce ya ƙi gaskata saƙon da ya gani har sai ya bi shi zuwa tushe.

Idan kana son gane ƙwararre, duba aljihun teburinsa. Za ka tarar da tsohon ram guda ɗaya, da ƙaramin faifan SSD, da wani katin hoto da ya sha jiki, da akwatin wuta, da filash biyu ko uku ɗaure da zare. Babu mai tsada a cikinsu, amma ba ya sayar da su ko nawa aka taya, domin ya tabbatar da lafiyar kowanne. Da su yake musanya ɓangaren da yake zargi, ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar da ake fara koya wa yaro ke nan, kuma ita ce ta fi wuyar shiga kansa: kada ka canza abu biyu a lokaci guda. In ka canza ram da filash tare sai aikin ya tafi, ba ka san wanne ne mai laifi ba, gobe kuma zai dawo maka. Idan yaro ya zo da gudu ya ce, "Oga, ta ƙi," amsar da yake samu tambaya ce: "Me ka taɓa na ƙarshe?"

Wani lokaci ma ba a kai ga maganar Windows ba. An danna maɓalli, fanka na juyawa, fitilu sun kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Mafi yawan dalilan ƙanana ne har su ba mutum haushi. Furosesar Intel da lambarta ta ƙare da harafin F ba ta da sashen hoto a cikinta, haka ma yawancin Ryzen 5000 da ba su da G. Duk wanda ya jona wayar allo a jikin bod maimakon katin hoto zai kwana yana jira. Ko an manta wayar wuta mai ƙafa takwas da ke ciyar da furosesa, an jona babbar mai ƙafa 24 kawai. Ko ram bai zauna ba, gefe ɗaya ya shiga, ɗayan yana lilo. A bod mai ramuka huɗu, in ram biyu ne, galibi rami na biyu da na huɗu ake so. Sababbin bod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe, na furosesa, na ram, na hoto, da na tashi. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aka maƙale. Masu DDR5 kuma, musamman na AMD, sukan yi 'yan mintoci a tashin farko suna daidaita ram ba tare da sun nuna komai ba. Mai gaggawa sai ya kashe ta a tsakiyar wannan, ya ce bod ya mutu.

Wanda ya fi waɗannan ciwo shi ne bod ɗin da ya girmi furosesarsa. Kaya sukan daɗe a kwali kafin su iso kasuwanninmu. Bod ɗin B450 da aka ƙera kafin ƙarshen 2020 bai san Ryzen 5000 ba, kamar yadda bod ɗin Intel na jerin 600 da ya fito da wuri bai san furosesar ƙarni na 13 ba. Ramin ɗaya ne, ta zauna daram, amma ba za ta tashi ba sai an sabunta bayos, wato 'yar manhajar da ke zaune a jikin bod tun daga masana'anta. Wasu bod suna da maɓalli a baya da ke ba da damar yin haka da filash kawai, ba furosesa ba ram. Waɗanda ba su da shi, dole a aro tsohuwar furosesa daga maƙwabci, a ɗora, a sabunta, a sauke, a mayar. A nan ne matsalarmu ta wuta ke shigowa. Sabunta bayos mintoci kaɗan ne, amma in aka ɗauke wuta a tsakiya, bod na iya zama gawa. Babu injiniya mai hankali da zai fara wannan aiki a kan wutar NEPA tsagwaronta, ko a kan janareton da ke tari. Sai da UPS ko inbata mai cikakken caji.

To an samu hoto. Saura filash ɗin da za a ɗora Windows da shi.

Rabin rigimar ɗora manhaja a kasuwanninmu daga filash take. Jabu sun cika gari: an rubuta 64GB a jiki, kwamfuta ma ta karanta 64GB, alhali ainihin cikinsa bai wuce 8GB ba. Yana karɓar duk abin da aka zuba masa ba musu, sai dai abin da ya wuce ainihin cikinsa ya salwanta ko ya hau kan na baya. Ana gane shi da wata 'yar manhaja mai suna H2testw, wadda ke cika shi ta sake karantawa. Ko filash na gaskiya ne, akwai tarkon FAT32, tsarin da ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce 4GB, babban fayil ɗin da ke cikin Windows na yanzu kuwa ya wuce hakan. Wanda ya kwafa da hannu zai ga komai ya tafi sai wannan guda ɗaya. Shi ya sa ake shirya filash ɗin da manhajar Rufus, ko manhajar da Microsoft da kanta ta tanada, ko Ventoy da ya fito a 2020, wanda ya samu karɓuwa a shaguna saboda filash ɗaya na iya ɗaukar Windows iri-iri da Linux da kayan gwaji. Sannan akwai fayil ɗin da aka sauke daga intanet mai yankewa. Windows 11 ta haura 5GB, kuma ba kowa ke da haƙurin duba lambar tantancewa da Microsoft ke wallafawa a shafinta don a tabbatar abin ya sauka cikakke ba. A ƙarshe, ramukan USB na gaban akwati ta waya suke bi kafin su kai bod. Ƙwararru na baya suke amfani da su.

Wani abu da ya kamata a faɗa ba kwana-kwana: yawancin Windows da ke yawo daga filash zuwa filash a kasuwa ba wanda ya san asalinsu. Wani ne a wata ƙasa ya yanke mata sassa don ta yi sauƙi, ya cusa abin da ya ga dama, ya saki. Tana hawa da sauri, mai kaya ya ji daɗi. Ranar da ta ƙi karɓar sabuntawa, ko firinta ta ƙi aiki, ko aka wayi gari an shiga asusun mutum, ba wanda zai tuna da filash ɗin. Sauke ta asali daga Microsoft kyauta ne. Lasisi ne ake biya. Injiniyan da ke ɗora wa mai harkar kuɗi irin waccan ya ci amana, ko da bai yi niyya ba.

Daga nan sai matakin da ya fi tara wa yara gumi, inda ake zaɓar faifan da za a ɗora manhajar. Ko dai Windows ta ga faifan ta ce ba za ta hau shi ba, ko kuma ta nuna fili fayau kamar ba a sa komai ba.

Na farkon, rikicin tsohon tsari ne da sabo. Tun 1983 ake raba faifai da tsarin MBR, wanda ba ya iya amfani da abin da ya wuce 2TB, kuma manyan yankuna huɗu kawai yake bayarwa. Sabon tsari, GPT, ya kawar da wannan iyaka, a Windows yana kai yanki 128. Bod ma hanya biyu yake tashi: sabuwar hanya ta UEFI, da tsohuwa da ake kunnawa ta wani saiti mai suna CSM. Windows ba ta yarda a gauraya ba. In ta tashi ta UEFI, GPT take so. In ta tashi ta tsohuwar hanya, MBR. Abin dariyar shi ne, sau da yawa maganin bai wuce zaɓi ɗaya ba. Idan aka danna maɓallin zaɓen tashi, F8 a ASUS, F11 a MSI, F12 a Gigabyte, filash ɗin yakan bayyana sau biyu, ɗaya da UEFI a gaban sunansa, ɗaya babu. Yaro ya zaɓi wanda hannunsa ya faɗa a kai, ya ɓata awa guda yana zargin faifai. A sabuwar kwamfuta babu dalilin barin CSM a kunne sai in katin hoton tsoho ne ƙwarai.

Idan kuwa dole a sauya tsarin faifan, akwai hanyar da kowane yaron shago ya haddace: a danna Shift da F10, a buɗe diskpart, a zaɓi faifai, a ba da umarnin gogewa. Umarnin nan ba ya tambaya ko ka tabbata. Kuma mutane da yawa da ke haɗa sabuwar kwamfuta sukan kawo tsohon faifansu a sa musu a ciki, da aikin shekaru a kansa: finafinan da ba a gama tacewa ba, zanen gidajen mutane, hotunan biki. Lamba ɗaya aka kuskure, an gama. Saboda haka ƙwararru ke cire duk wani faifai kafin su fara, su bar wanda za a ɗora wa manhajar shi kaɗai. Wannan yana maganin wata matsalar ma: in faifai biyu ne a jone, Windows takan ajiye ɗan yankin da take tashi da shi a kan wanda ba a zaɓa ba, sai ranar da aka cire wancan kwamfuta ta ƙi tashi, a rasa dalili.

Na biyun, inda ba a ga faifan ba sam, ya yawaita tun daga furosesar Intel ƙarni na 11. Akwai wani saiti mai suna VMD da ke ɓoye faifan NVMe a bayan wani direba, wato 'yar manhajar da Windows ke gane na'ura da ita, wanda filash ɗin ba lallai ya zo da shi ba. Ko a kashe shi a bayos, ko a sauko da direban Intel RST a nuna wa Windows. Wasu bod kuma, da zarar an sa faifai a ramin M.2, sai su kashe ɗaya ko biyu daga ramukan SATA. Yana rubuce a ɗan littafin da ke zuwa cikin kwali, littafin da galibi shi ake fara jefarwa.

Amma inda ake gane mai sana'a da mai neman kuɗin yau kawai shi ne idan aikin ya fara tafiya sannan ya tsaya. Ana kwafar fayiloli, an kai kashi 30 ko 70, sai ga lamba irin 0x8007025D ko 0x80070570, ko allo ya yi shuɗi, ko kwamfutar ta mutu ɗif. Mutuwa ɗif galibi zafi ne ko wuta. Sabuwar fankar furosesa tana zuwa da siririyar leda a ƙasanta, kuma ba sabon shiga kaɗai ke mantawa da ita ba. A zafin Afrilu na Kano, cikin shagon da ba iska, mintoci kaɗan sun isa furosesa ta kashe kanta don kada ta ƙone. Akwatin wuta mara suna da aka rubuta wa 650W shi ma yakan durƙushe da zarar an fara aiki. Lambobin nan kuwa cewa suke yi bayanan da aka karanto sun iso a lalace. Filash na iya jawo hakan. In an canza filash, an canza rami, abin yana tsayawa a wurare daban-daban kowane karo, to ram ne.

Ram yakan zo da aibi daga masana'anta, ko ya zama na hannu da aka goge aka sa a sabon kwali, ko a haɗa biyu daga kamfanoni daban da ba su jitu ba. Wani lokaci lafiyarsa ƙalau, saitin gudu ne aka kunna tun kafin a ɗora manhaja, XMP a Intel ko EXPO a sababbin AMD, wanda ke tura shi sama da gudunsa na asali. Hanyar ganewa sananniya ce. A mayar da bayos yadda ya zo, a bar ram ɗaya, a gwada, a musanya. Sannan a tashi kwamfutar da MemTest86 a bar ta ta zagaya sau huɗu, abin da ke cin awoyi. Kuskure ko guda ɗaya ya fito, ram ɗin ko saitinsa ba abin yarda ba ne.

Ga inda jarrabawar take. Ram mai ɗan aibi ba kullum yake hana Windows hawa ba. In aka yi ta maimaitawa, a karo na uku ko na huɗu sai ta wuce. Mai kaya na tsaye yana cewa, "Injiniya, ai sabuwa ce dal, me kuma ya faru? Gobe zan miƙa aiki." Abu mafi sauƙi shi ne a miƙa masa ita a karɓi kuɗi. Bayan sati biyu za ta fara shuɗin allo a tsakiyar aiki, fayiloli su riƙa lalacewa a hankali, a ce masa bairos ne, a sake yi masa formatin, a sake karɓar kuɗi. A ganina wannan ita ce babbar cutar da ke cikin sana'ar, ta fi sayar da jabun filash muni, domin mai kaya ba shi da hanyar ganewa. Na ƙwarai shi ne wanda zai ce, "Alhaji, a yi haƙuri a bar ta ta kwana," ya jure ɓacin ran, ya koma wurin dilan da ya sayar da ram ɗin a yi ta ja-in-ja kan canji. Ba a biyansa ladan wannan daren. Masu kaya ma suna da nasu laifin, don ba a fafe gora ranar tafiya, amma sai ka ga mutum ya sayi kaya da safe yana son ya tace fim da su da daddare.

Windows 11, da ta fito a Oktoban 2021, ta zo da nata sharuɗɗan: sashen tsaro na TPM 2.0, bod mai UEFI da ke iya Secure Boot, ram aƙalla 4GB, faifai 64GB, da furosesa daga ƙarni na 8 na Intel ko Ryzen 2000 zuwa sama. Sabuwar kwamfuta kan ce ba ta cika sharaɗi ba alhali ta cika, saboda TPM ɗin na kashe a bayos, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Kunna shi kawai za a yi. Ga tsofaffin na'urori, Rufus na iya tsallake binciken, kuma tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, shaguna na yin hakan ba ƙaƙƙautawa. Ba laifi ba ne in an gaya wa mai kaya cewa kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan na'ura sabuntawa ba. Laifin a yi shiru ne. Akwai kuma dattawan da har yau Windows 7 suke so a kan sabon bod. Ba ta san USB 3.0 ba, ba ta san NVMe ba, kibod da maus sukan mutu tun a shafin farko, tallafinta kuma ya ƙare tun Janairun 2020. Gara a ba su haƙuri.

Tarko na ƙarshe shi ne intanet. Windows 11 takan tsaya ta ce sai an jona ta kafin a ƙarasa, alhali direban katin sadarwar sabon bod ɗin bai hau ba tukuna. Masu dabara sukan ajiye direban a filash tun farko, ko su jona wayar Android da kebul su ba kwamfutar data ta nan. Masu son Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda galibi ɗaliban kimiyyar kwamfuta ne, tasu rigimar ba ta cika wuce baƙin allo a kan katin Nvidia ba, kuma zaɓin tashi da hoto mai sauƙi yakan wuce da su.

Ana koyon sana'ar ne kamar sauran sana'o'in kasuwa. Yaro ya fara da share shago da hure ƙura, wadda a hunturu ba ta ƙarewa, a koya masa ya taɓa ƙarfen akwati kafin ya taɓa ram saboda wutar da busasshiyar iska ke tarawa a jiki. Daga nan a ba shi formatin, sannan haɗawa. Bambancinta da sauran shi ne abin da maigida ya sani yana tsufa da sauri. Wanda ya ƙware a zamanin XP da faifan CD, in bai ci gaba da karatu ba, yaronsa mai kallon YouTube zai wuce shi cikin shekara biyu. Abin da yaron ba zai samu a waya ba shi ne tsarin bincike da haƙurin bin sa, kuma shagunan da ke koyar da wannan ba su kai masu koyar da danna maɓalli yawa ba.

Kai kuma mai shirin kai kaya a haɗa maka: kwafe abin da ke kan tsohon faifanka kafin ka fita daga gida, ka tambayi inda aka samo Windows ɗin da za a ɗora maka, ka nemi a nuna maka sakamakon gwajin ram, ka karɓi kwalayen kayanka da rasit. In injiniya ya ce a bar ta ta kwana, bar ta, kuma ka biya shi kuɗin gwajin daban.